Karafattocin Baba guda 37: a yi bargo da su ko a bar su?

Maman Ilham (Madani): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman a wurin masu ɗinki. Wata shida ke nan da dawowarmu Madani, nan Sudan, bayan zaman da muka yi a Gadarif tun da yaƙi ya fitar da mu a watan Disamba na 2023. Wanda ya dawo ya san abin da ake tararwa, ba sai na faɗa ba. Ba gado, ba firji, ba tagogi, har wayar wuta an zare daga bango. A ɗakin marigayi Baba an fasa akwatinsa na ƙarfe, an kwashe jallabiyoyi da rawuna da kwat biyu. Abin da aka bari karafattocinsa ne, ƙyallen nan da ake ɗaurawa a wuya in an sa kwat, a zube a ƙasa cikin ƙura da kashin ɓera. Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya, guda 37.

Baba ya fi shekara 30 yana aikin lissafi a hukumar noman Jazira da ke Barakat, kuma bai taɓa fita aiki wuyansa a sake ba. Tun da muka dawo, kullum Inna sai ta ɗauko su ta kakkaɓe, ta ninke, ta mayar cikin leda. Na ga hotunan mata a intanet suna farke irinsu suna haɗa bargo. Ga sanyi na tafe, Inna ba ta da abin rufa na kirki. Zai yiwu? Daga ina ake farawa? Ɗinkin hannu na iya, keke kuwa akwai na maƙwabciya.

Ummu Yasir (Jidda): Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya mayar muku da alheri. Wallahi sai da na yi hawaye. Ki yi, 'yar uwa, ki yi.

Abu Fatima (Makka): Allah ya jiƙansa. Amma ni a ganina a ba da su sadaka ladan ya kai masa. Mamaci lada yake buƙata, ba bargo ba.

Maman Ilham (Madani): Abu Fatima, na gode. Sadaka muna yi masa gwargwadon hali. Amma wa zan ba karafatta a Madani yau? Mutane tukunya suke nema da katifa. Kuma yawancinsu irin masu faɗin nan ne na shekarun 1970, ko ɗan makaranta ba zai ɗaura ba.

Usta Ɗanjuma (Gadarif): Maman Ilham, sannu da haƙuri. Zai yiwu ƙwarai, kuma masu faɗin nan su ne dukiyarki, don sun fi ƙyalle. Bari in yi miki dalla-dalla, don aikin yana da wuri guda da yake kayar da mutane.

Ki juya karafattar ta baya. Za ki ga ɗinki guda ya bi tsakiya tun daga sama har ƙasa. A masu kyau, zare ɗaya ne tal, an bar shi sako-sako da gangan. Ki cire tambarin, ki yanke ɗan ƙullin da ke kusa da baki mai faɗi, ki ja zaren a hankali, sai ki ga ta buɗe kamar an fede kifi. A ciki akwai wani kauri, na ulu ko na roba, shi ke ba ta jiki. Ki fitar da shi ki ajiye gefe. Ɗan shafin da ke bakin nan ma ki farke. In kin goge, tsawonta zai kusa mita ɗaya da rabi, faɗin wajen baki kuma ya kai kamu guda.

To ga inda matsalar take. Ba a yanka karafatta a miƙe yadda zaren saƙa ya tafi, a karkace ake yanka ta, abin da muke ce wa warb. Shi ya sa take ɗauruwa ta kwanta a ƙirji ba ta murɗe ba. Amma shi ya sa kuma take miƙewa kamar danƙo. In kika haɗa ƙyalle da ƙyalle kai tsaye a keke, kafin ki kai ƙarshen layi ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bargon ya fito a kumbure kamar faifan da ruwa ya daka. Dole sai an yi mata gindi. Ko ki manna mata fazlin mara kauri a baya, wanda telolin Kano ke ce wa gam, ko ki ɗinka ta a kan wani yadi. Ni na fi son na biyun, don fazlin yana busar da alharini, yana kashe masa laushi.

Goggo Hajara (Mai Wurno): Jikata ce ke rubuta mini. 'Yata, wannan ba sabon abu ba ne da za ki ce sai a intanet. Gwado da luru da kakanninmu suka taho da su daga Hausa, ai ƙwarya-ƙwarya ake saƙa su, siri-siri, sannan a jera a haɗa da allura. Kakata tana da wani luru da ya sha maho har ba a gane asalin launinsa, da shi ta rufe mu mu bakwai. Ba a yar da ƙyalle a gidanmu. Ki zauna da uwarki ku yi shi tare da hannu, kada ki kai keke. Hannunta ya samu abin yi, zuciyarta ta huta.

Bashir (Riyad): Yanzu aka turo mini wannan. Maman Ilham ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Hadiza, da kin kira ni kafin ki kawo maganar nan cikin jama'a. Ni ban yarda a sa musu almakashi ba. Kin manta Baba ko taɓa su ba ya bari mu yi? Ranar Juma'a da yamma yake jera su a kan angareb, gadon igiyar nan, yana zaɓen na mako. Duk gidan nan abin da ya rage da ƙamshinsa ke nan, shi ma sai a yayyanka? Ki sa su a akwati, in na zo zan kawo wa Inna bargo ko uku take so.

Maman Ilham (Madani): Yaya, ka yi haƙuri, ban yi don in tsallake ka ba. Amma ƙamshin da kake faɗa babu shi. Warin ɓera ne da ƙura. Biyu asu ya riga ya huda su. A akwati suke aka fasa, a akwati kuma za su ƙarasa lalacewa. Kai ba ka ganin Inna da la'asar tana shafa su. Ba bargon kasuwa ne damuwarta ba.

Bashir (Riyad): Ni ma ubana ne. Don ina nesa ba shi ke nufin ba ni da ta cewa ba.

Malam Isiyaku (Kassala): Ku yi haƙuri da juna, ku biyun duk ƙauna ce ke magana. Sai dai Bashir yana da hujja a shari'a, ko da ba ita ya nufa ba. Tufafin mamaci gado ne kamar gona da gida. In ba a raba waɗannan ba lokacin rasuwar, to har yanzu na magada ne gaba ɗaya, kuma ba ya halatta mutum ɗaya ya yanka sai sauran sun yarda. In duk baligai ne suka ce sun bar wa mahaifiyarsu, shi ke nan. Wanda ya ce a ba shi rabonsa, a ba shi.

Akwai magana ta biyu da ban ga an taɓo ba. Karafatta da yawa alharini ne tsantsa. Annabi (SAW) ya halatta zinariya da alharini ga matan al'ummarsa, ya haramta ga maza. Kuma a hadisin Huzaifa da Bukhari ya ruwaito, hanin bai tsaya ga sanyawa ba, har da zama a kai. Saboda haka mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, suka hana namiji shimfiɗa alharini ko rufa da shi. Abu Hanifa ya sauƙaƙa a shimfiɗa da matashi, amma manyan almajiransa biyu ba su bi shi a kai ba. Abin da aka yi rangwame shi ne ɗan kaɗan, faɗin yatsa biyu zuwa huɗu, kamar yadda ya zo daga Umar a Muslim. In Hajiya ce kaɗai za ta rufa, babu laifi ko kaɗan. Amma bargo a gidan Bahaushe ba ya zama na mutum ɗaya. Yau baƙo ya kwana, gobe ɗa ya ja ya rufa.

Abu Fatima (Makka): Malam, ban da haka ma, ai an ce ita karafattar asalinta alamar gicciye ce ta Nasara. Yaya za a rufa da ita a yi barci?

Malama Sa'adatu (Bur Sudan): Abu Fatima, wannan maganar tana yawo sosai amma tarihi bai goyi bayanta ba. A ƙarni na 17 akwai sojojin haya 'yan Kuroshiya da ke yi wa Faransa yaƙi, suna ɗaura ƙyalle a wuya. Mutanen Faris suka ga abin ya yi musu kyau suka ɗauka, suka kira shi da sunan mutanen. Daga can kalmar ta bi ta zama karafatta a bakin Larabawa. Har yau a Kuroshiya suna bikinta ranar 18 ga Oktoba. Yankan karkace da Usta ya yi bayani kuwa, wani mai sana'ar a Amurka, Jesse Langsdorf, shi ya yi rajistar hanyar a shekarun 1920, ya raba ta gida uku. Maman Ilham, in kin farke za ki ga mahaɗar nan biyu a wajen wuya. Abin da ya kamata a duba kawai shi ne zanen da ke jikin kowace. In akwai mai gicciye a fili ko hoton da zuciya ba ta kwanta da shi ba, a ware ta.

Malam Isiyaku (Kassala): Haka ne, Malama. Ni ma ban san wata hujja a kan maganar gicciyen ba, kada mu ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba. Ya ci halalinsa da ita ya ciyar da iyali.

Maman Ilham (Madani): Malam, to yaya zan gane wadda take alharini? Wasu tambarin ya goge. Kuma jikokin Inna maza biyu a ɗakinta suke kwana, ɗaya shekara biyar ɗaya bakwai.

Malam Isiyaku (Kassala): Yaran da ba su balaga ba malamai sun saɓa a kansu, wasu sun halatta wasu sun hana. Amma yaro girma yake yi, bargo kuma yana daɗewa. Na roba, wanda ake ce wa alharinin kanti, ba ya cikin hanin ko da ya fi na gaske sheƙi. Ganewa kuwa sai Usta.

Usta Ɗanjuma (Gadarif): Mai sauƙi ne. In tambari yana nan kika ga seta ko soie, alharini ne da Italiyanci da Faransanci. In babu, ki tsinko 'yan zarurruka daga cikin kalmasa, ki riƙe da hantsaki ki kusantar da ashana. Alharini yana wari kamar gashi ya ƙone, wutar ta mutu da kanta, tokar ki murje ta ta zama gari. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri kamar ƙwayar tasbaha. Ki yi a tsakar gida, da kofin ruwa kusa da ke.

Wanki kuma, tunda ɓera ya bi ta kansu dole ne. Ruwan sanyi, ɗan shamfu, kowace ita kaɗai. Ja da ruwan goro ki yi hattara da su, suna zuba. Kada ki murɗe, ki naɗe a tawul ki danna, ki shanya a inuwa. Ranar Madani in ta samu alharini jiƙaƙƙe sai ta cinye launin.

Ummu Yasir (Jidda): Usta, ni wata mata 'yar Indunusiya da muke unguwa ɗaya ta ce a wanke tun kafin a farke, wai bakin ba ya zarewa.

Usta Ɗanjuma (Gadarif): Wasu haka suke yi. Amma kaurin nan na ciki in ulu ne yana tsukewa a ruwa ya ja ƙyallen ya tattare, ga shi yana riƙe datti. Kuma yankan karkace ba ya zarewa sosai da ma. Ni dai farkewa nake fara yi.

Ummu Yasir (Jidda): To na ji. Maman Ilham, in 37 ba su isa ba, a Harajin Sawarikh nan kudancin Jidda ana zuba su tuli-tuli a cikin gwanjo, ba su da tsada. In sayo miki in ba masu zuwa Bur Sudan ta jirgin ruwa?

Maman Ilham (Madani): Allah ya saka da alheri, Yaya Ummu Yasir. Amma ba na son ko ɗaya ta wani ta shiga ciki. Ina so duk inda Inna ta ɗora hannu ta san na Baba ne.

Ummu Yasir (Jidda): Gaskiyarki. To bari in aiko da biyar ki koyi hannu a kansu, kada ki fara kuskure da na Baba.

Malama Sa'adatu (Bur Sudan): Ina so in ce wa Bashir wani abu, da girmamawa. Kafin yaƙi nakan kai ɗalibai Gidan Khalifa, gidan tarihin da ke Omdurman, mu tsaya gaban jibbobin Ansar, mabiyan Mahadin Sudan. Rigar damuriyya ce fara, wato yadin auduga, an ɗinka mata faci masu launi, shuɗi da ja da baƙi. Da farko mabiyan Mahadi maho suke yi na gaske saboda talauci da gudun duniya. A zamanin magajinsa Khalifa Abdullahi sai facin ya zama ado da aka tsara, dama da hagu daidai. Yara kan tambaye ni me ya sa sarakunan yaƙi za su sa riga mai faci. A ƙasar nan ƙyallen da aka haɗa bai taɓa zama wulaƙanci ga mai shi ba. Almakashin ƙanwarka ba na raini ba ne.

Goggo Hajara (Mai Wurno): Bashiru, ɗana. Ka kira uwarka ka tambaye ta abin da take so. Ita ta wanke su ta goge su shekara da shekaru, ba kai ba, ba Hadiza ba.

Bashir (Riyad): To Goggo. Zan kira ta bayan isha'i.

Maman Ilham (Madani): Na yi gwajin ashana yau da safe. Goma sha ɗaya alharini, 26 na roba. Na kuma kira sauran 'yan uwa huɗu, duk sun ce sun bar wa Inna. Saura Yaya.

Bashir (Riyad): Mun yi magana da Inna, mun daɗe. Na yarda. Amma akwai wata shuɗiya mai ɗigo-ɗigo fari, ita ya ɗaura ranar da ya raka ni tashar mota zan taho Saudiyya. Wannan kada a taɓa ta. Rabona ke nan, ban nemi komai ba bayanta.

Maman Ilham (Madani): Tana nan, Yaya. Na ware ta, ko farkewa ban yi ba. Cikin na alharinin take.

Usta Ɗanjuma (Gadarif): Madalla. To ga lissafi. Na alharini goma da suka rage ki yi wa Hajiya rigar matashi ko ɗan mayafin ƙafa nata ita kaɗai, kin fita daga saɓanin malamai. Na roba 26 su ne bargo, kuma sun fi jure wanki.

Ki sayi yadin damuriyya ko dabalan na gindi, ki wanke ki goge tukuna, don yana tsukewa. Ki yanka murabba'i 35, kowane santimita 27. Ki yayyanka karafattocin tsiri-tsiri, ba sai faɗinsu ya zo ɗaya ba, rashin daidaiton ma shi ne kyansa. Tsiri na farko ki kwantar da shi daga kusurwa zuwa kusurwa, fuska sama. Na biyu ki kifa a kansa, ki ɗinke gefe guda har da yadin ƙasa, ki buɗe ki danne da guga. Haka har murabba'in ya rufe, sai ki juya ki datse abin da ya yi saura. In kin haɗa biyar a faɗi bakwai a tsawo, ɗinki ya ci santimita ɗaya a kowane gefe, kin samu santimita 125 da 175. Ki kewaye da yadi mara ado kamar kamu ɗaya ba kaɗan, ya rufe angareb har ya sauko. In kika jujjuya murabba'an huɗu-huɗu, tsirin zai haɗu ya ba ki zane irin na dagi.

Guga ita ce abin tsoro. Na san wuta ba ta zama, da na gawayi za ki yi. Na roba ba ya yafiya, taɓawa ɗaya ya narke. Ki rage garwashi, ki shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan damshi a kai, ki goge ta baya, kuma dannawa za ki yi ba ja ba. Allurar keke siririya, lamba 11.

Maman Ilham (Madani): Ciki fa? In kai wa munajjid, mai ɗinkin katifa, ya cusa auduga? Kuma Inna ta ce a yi bayan da tsohon tobinta fari, wato lafaya, wanda ta fita da shi a jikinta ranar da muka gudu.

Usta Ɗanjuma (Gadarif): Audugar munajjid ta lihaf ce, mayafin nan mai kauri, in ta sha ruwa sai ta cure wuri guda, sai an yi mata ɗinki kusa-kusa. Ki nemi tsohuwar battaniya, wato bargon kanti, mara nauyi ki sa a tsakiya. Tobi kuwa shara-shara ne, shi kaɗai ba zai riƙe ba. Ki ninka shi biyu, ko ki sa dabalan a ƙarƙashinsa. Sai ki bi mahaɗar kowane murabba'i da ɗinkin hannu ki kama duka ukun. Wannan aikin ki bar wa Hajiya, kamar yadda Goggo ta ce.

Abu Fatima (Makka): Na karanta duka. Na janye maganar gicciye, Allah ya yafe mini. Kuɗin yadi da zare a kaina, ki turo mini hanyar da zan aiko.

Maman Ilham (Madani): Salam 'yan uwa, mako uku ke nan shiru, ga inda aka kwana. Murabba'i 14 sun haɗu. Guda biyar da Yaya Ummu Yasir ta aiko sun yi mini rana, don biyu na ƙone da guga kafin hannuna ya gane zafin. Wata ja ta Baba ta zuba a kan mai ruwan madara duk da na raba su, a tawul ɗaya na naɗe su. Na yi kuka, Inna ta ce a sa ta haka nan.

Jiya ina farke wata mai ruwan ƙasa sai zaren ya ƙi janyuwa. Na duba, ashe an taɓa gyara ta da baƙin zare, ɗinki ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar riɗi, kusan tsawon yatsa. Na nuna wa Inna. Ta karɓa ta kai kusa da ido ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita ta yi shi, da fitilar ƙwai, tana da cikin Yaya Bashir. Ta ce kada in cire. Usta, wurin ya yi kauri, in na bar shi keke zai bi ta kai, ko in ɗinka wannan tsirin da hannu?

Usta Ɗanjuma (Gadarif): Da hannu. Ki yanko shi da faɗi yadda gyaran zai zauna a tsakiyar tsiri, nesa da layin ɗinki, ki juyo baƙin zaren ya kalli sama. Ki sa shi a murabba'in da zai zo wajen kai.

Bashir (Riyad): Hadiza, ki ɗauko mini hoton wurin kafin ki yanka.